Daƙiƙa Huɗu

A bakin titin Gratiot nake jiran bas,
ƙanƙarar Detroit ta cinye min yatsun ƙafa,
ledar maganin hawan jini a hannuna,
sai ga wata mota ta ci birki a danja,
gilas a sauke, ƙarfenta na kyarma don kiɗa.
Can cikin rugugin na tsinci wata dariya.
Tawa ce.

Ba ta yau ba, ta yau ta dishe.
Ta sittin da takwas ce, ina 'yar sha tara,
a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Mista Pettiford,
inda aka manna kwalayen ƙwai a bango
gudun maƙwabta su kira 'yan sanda.
Cleotis ne a kan ganga, daga aikin dare ya zo,
baƙin man inji bai bar farcensa ba.
Muna tsakar baiti na biyu sandar ta suɓuce,
ta daki bututun ruwa, ƙwal,
ya cafe ta a iska, bugu ɗaya bai kuɓuce masa ba.
Ni ko na tuntsire.
Mista Pettiford ya ce babu kuɗin wani tef,
a bar ta da aibinta.

Faifai ɗari uku aka buga.
Arba'in suka shiga kasuwa,
saura suka tare a ƙarƙashin gadonmu,
don mai gangar dai na aura.
Na yi wankin zannuwan asibiti shekara talatin da ɗaya.

Ana nan wata baiwar Allah daga California
ta sake rera ta da goge ashirin,
murya kamar man shanu a rana.
Ta goge ƙwal ɗin, ta goge dariyar,
har aka sa ta a tallar sabulu.
Ko sisi ba mu gani ba.
Cleotis ya saurara har ƙarshe, ya sosa gemu, ya ce,
“Ta sha wanka, Vernell, amma ba 'yarmu ba ce.”

Shekara tara ke nan da muka kai shi makwanci.

Jikata Renita ce ta tono yaron a waya.
Tavion. Ya zo ran Lahadi bayan an taso daga coci,
hula a hannu, takarda a ɗaya hannun,
dogo, sai sunkuyar da kai yake kamar mai laifi.
Dala ɗaya ya sayi faifan a gwanjon kayan wani mamaci.
Waƙar minti uku ce, bai ɗauki amshi ba,
bai ɗauki inda na ja numfashi na kai ƙololuwa ba,
wurin da na yi wata biyu ina koyo.
Daƙiƙa huɗu ya yanka:
suɓucewar, ƙwal ɗin, da ni.
Ya ɗinke bakinsu, suna zagayawa,
ya ɗora nasa zancen a kai,
na haya da bashi da yayansa da ke kurkuku.

Na so in ce masa kayan aro ba ya rufe katara.
Na buɗe baki, sai na ce ya ƙara sauti.

Ya tambaye ni, “Kaka, me ya ba ki dariya?”
Na zuba masa shayi.
Na sa hannu a takardar,
bayan Renita ta karanta ta sau biyu da tabarau.

Yanzu da dare, in gwiwa ta hana barci,
nakan kunna a hankali don kar in tashi kowa.
Na ƙirga: sau arba'in da biyar
sandar ke suɓuce wa Cleotis,
sau arba'in da biyar yana cafewa.
Yarinyar nan kuma ba ta gajiya,
ba ta san asibiti ba, ba ta san maƙabarta ba,
dariyarta kawai take.
Wani lokacin har nakan riga ta.